Malama Luyen, Wadda Ta Hana a Wanke Ƙanzon Kakanni

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, wadda ta yi daidai da sha biyu ga wata na biyu a lissafin farin wata, Malama Tong Thi Luyen ta riga mu gidan gaskiya a gidanta da ke bakin kogin Ma, tana da shekara saba'in da takwas. 'Yarta Nhuan ce ta kira ni da hantsi. Ina cikin ɗakin ajiya na gidan tarihin lardinmu, inda nake aiki tun ina saurayi, ina duba rufi ko ruwan da aka yi ya yi yoyo. Ta ce, "Kawu Khiem, Mama ta cika." Na ce to. Na ajiye wayar na zauna a kan wani akwati. Sai can na tuna ko akwatin wane ne, na miƙe zumbur, domin da kina raye, Malama, kika gan ni zaune a kansa, da na sha faɗa har kunnena ya yi zafi.

Jaridu sun ce masaniyar tarihin mutanen da ce ta rasu, wadda ta ƙare rayuwarta tana haƙa ƙasa tana neman abin da na farko suka bari. Gaskiya ne. Amma mu da muka yi aiki a ƙarƙashinki, sunan da muke kiran ki da shi a bayan idonki shi ne Malama Ƙanzo. Kin san da sunan sarai. Ba ki taɓa nuna kin damu ba, har ma na taɓa jin kin gabatar da kanki da shi a wani taro, don ki riga masu tsegumi.

Na fara sanin ki a shekarar 1986, ina ɗalibi, aka tura ni in taimaka a haƙan tudun Lang Vem. Tudu ne na katantanwa da ɓawon kayan ruwa, wanda mutane suka tara da cinsu shekara dubu shida zuwa bakwai da suka wuce. Mutanen ba su da gona, ba su san shinkafa ba. Farauta suke yi, su kama kifi da ƙaguwa, su tsinci dodon koɗi, su haƙo doyar daji, su binne matattunsu a tsugune a cikin tudun da suke zaune a kai. Amma kuma suna da tukwane. Duk inda cebur ya shiga sai ya fito da tsingaro, gutsuren tukunya mai kauri, mai tsakuwa a jiki, gindinta kewayayye. Abin da ya hana ki sakat ke nan. A makaranta an koya mana cewa tukunya 'yar gidan manomi ce, tare suka zo da hatsi. To me mafarauci zai yi da abu mai nauyi, mai saurin fashewa, alhali yana iya gasa namansa a kan garwashi? Me suke dafawa a ciki da gashi ba zai yi musu ba? Wannan tambayar kike yi mana da safe, ita kike yi mana a kan abinci, har muka gaji da jin ta.

A lokacin, ƙa'idar aikinmu ita ce duk tsingaron da ya fito a wanke shi a ranar. Haka aka koya miki, haka kika koya mana. Sai an wanke ake ganin zanen da ke jiki, a auna, a zana a takarda. Matan ƙauyen ke yin wankin da yamma a gindin bishiya, kowace da bahonta da buroshinta, shugabarsu kuwa wata tsohuwa ce mai baki, Gwaggo Mui. Wata rana ta ɗaga wani tsingaro tana kankarar cikinsa da farce, ta ƙwala miki kira.

"Malama, zo ki ga ƙazantar matan da. Ko wace ce ta yi girkin nan, hira ta tafi ta bar tukunya ta kama. Da surukata ce, yau sai ta kwana a gidan ubanta."

Mata suka kwashe da dariya. Ke ba ki yi ba. Kika karɓi tsingaron kika juya shi a haske, kika daɗe kina kallon baƙin abin da ya manne a ciki, sannan kika kalli ruwan bahon, wanda ya yi baƙi ƙirin.

"Gwaggo, ajiye buroshin."

"Ai ban gama ba."

"Kin gama. Kowa ya ajiye."

Da muka koma masauki kika ce min, "Khiem, shekara nawa ina tambayar abin da mutanen nan suka dafa, ashe kullum da yamma ni ce nake sa a zubar min da amsar a kwata." Na tambaye ki da me za mu karanta ƙanzon. Kika ce babu abin karanta shi a ƙasar nan, wataƙila ma babu a duniya, amma za a yi. Na ce yaushe? Kika ce, "Ina ruwanka da yaushe? Tashi ka nemo min takarda mai tsabta."

Daga ranar dokokinki suka fito. Duk tsingaron da ke da ƙanzo ba a wanke shi, ba a taɓa cikinsa da hannu, ba a rubuta masa lamba da tawada a jiki. A naɗe shi a takarda, a sa a akwatin katako. Ba a cin abinci kusa da akwatunan, don kada maiƙon yau ya gauraya da na jiya. Ba a shan taba. Ni da nake mashayin taba a lokacin, kin kore ni daga rumfar da muke ajiye su ya fi a ƙirga, har na ga barin tabar ya fi min sauƙi da jin muryarki.

Wannan tsayuwa ta ci miki abubuwa da yawa, kuma ya kamata a faɗa. Tunda ba a wanke ba, ba a iya zana su ba. Tunda ba a zana ba, rahoton tudun ya fito da giɓi, manya a babban birni suka ce aikin rabi ne. Sa'o'inki suka wuce ki, wasu ɗalibanki ma suka wuce ki. An taɓa tambayar ki a taro, cikin izgili, ko kina ajiye dattin ne don ki yi miya da shi. Kika ce a'a, an riga an yi miyar, ke kwano kawai kike gadi. Kika zauna. Ina bayanki a ranar, na ga yadda kunnuwanki suka yi ja, na san maganar ta taɓa ki, amma ba ki sake tayar da ita ba.

Tunda babu na'ura, sai kika ce bari ki tambayi tukunyar da kanta. Kika ɗebo yumɓu daga gindin tudun, kika gauraya da tsakuwa, kika koyi gina irin tukwanensu, kina buga su da katako naɗe da igiya, kina gasa su a wutar kara a bayan gidanki. Na farko duk sun fashe. Da suka fara tsayawa, sai ranar Lahadi ta zama ranar girkin kakanni. Babu gishiri, babu romon kifin da muke ɗiga wa komai, babu shinkafa, sai abin da mutumin tudu zai iya samu da hannunsa. Mijinki, Malam Vien, mutum mai haƙuri, ya taɓa kurɓar wata miyar dodon koɗi da doyar daji, ya ajiye kwanon a hankali ya ce, "Luyen, an daɗe ana tambayar abin da ya ƙarar da mutanen nan. Ina ganin yau na gano." Kika ce ya shanye tukuna sannan ya rubuta littafinsa.

Amma a bayan gidan nan muka koyi abin da ba a koya mana a aji ba. Mun ga dodon koɗin da aka gasa yana ƙonewa ya manne, wanda aka tafasa kuwa ƙaya ɗaya ke zaro shi, ga kuma romo ya rage. Mun ga doyar daji mai ɗaci, wadda ba ta ciwuwa a gashe, tana sakin ɗacinta idan ana dafawa ana sauya ruwa. Mun ga atile yana laushi a ruwan ɗumi, yana kuma ƙara tauri idan ruwan ya tafasa. Mun ga man kifi yana tasowa sama a kwashe shi a ajiye. Abin da ya fi ɗaukar hankalinki shi ne, tafasa dodon koɗi zalla ba ya barin ƙanzo ko kaɗan. Ƙanzo mai kauri irin na Lang Vem sai an dafa abu mai kauri, an daɗe ana dafawa a kan wuta kaɗan. A cikin matattun tudun kuwa akwai tsofaffin da haƙoransu suka cinye har dasashi, amma sun rayu shekaru a haka. Sai kika fara zaton cewa wataƙila saboda su aka yi tukunya: saboda tsohon da ba ya iya tauna da yaron da aka yaye. Kina son wannan zaton ƙwarai, idonki har haske yake idan kina faɗinsa. Duk da haka ba ki taɓa yarda kin rubuta shi a matsayin tabbas ba. Kullum sai ki ce zato ne, ƙanzon ne zai yanke hukunci.

Shekarun nan na ƙarancin abinci ne, duk wanda ya rayu a cikinsu ya sani. Mu ɗalibai ba son ilimi kaɗai ke kai mu gidanki ranar Lahadi ba, yunwa ce. Kin gane, amma ba ki taɓa kunyata kowa ba. Bayan an gama ɗanɗana girkin kakanni, sai ki fito da tukunyar shinkafa daga ɗaki ki ce, "Wannan ba ya cikin bincike, ku cinye min don kada ya ɓata min lissafi." Sai da na girma na yi iyali na gane daga rabon gidanki kike yanka shi. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, maƙogwaronsa ya ƙi karɓar komai, kin hau keke kin zo har ƙauyenmu da tukunyar kunun kifi ɗaure a baya. Kika zauna kina ba shi da cokali. Kika raɗa masa cewa wannan kin sa gishiri, kada ya gaya wa kakanni. Dariyar da ya yi ranar ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Ban taɓa yi miki godiyar da ta dace ba, ke ma ba ki ba ni dama ba, domin da na buɗe baki sai ki tambaye ni ko na duba akwatunan.

Babbar jarrabawarki ta zo ana gab da bikin sabuwar shekara ta 1993. Gidan tarihi ba shi da wurin ajiya a lokacin, don haka akwatunan suna zauren gari na Lang Vem. Muka je ni da ke da rana don mu duba su kafin hutu. Tun daga ƙofa muka ji ƙamshin ruwan ganyen lemo. An shimfiɗa tabarmi a farfajiya daga wannan bango zuwa wancan, an jera tsingaro a kai reras, kowane an wanke shi tas yana sheƙi, an kunna turare a gefe. Matan ƙauyen na tsaye suna murmushi, hannuwansu sun yi fari saboda sanyin ruwa, suna jiran mu yaba.

Gwaggo Mui ta matso. "Malama, kada ki ga laifinmu, haƙuri ne ya ƙare. Ubana da muka tono bara don a sake masa makwanci kamar yadda al'adarmu take, da hannuna na wanke ƙasusuwansa ɗaya bayan ɗaya da ruwan ƙamshi. To su waɗannan ba su da 'ya'ya ne? Shekara ta juyo, kowane gida an goge kayan tagulla an share teburin da ake kunna wa kakanni turare, su kuma kwanukansu na kulle da datti. Kunyar wa ke nan in ba tamu ba?"

Ni jinina ya riga ya hau. Na buɗe baki zan zazzage musu abin da ke cikina, sai kika take min ƙafa da ƙarfi. Kika karɓi turare kika kunna, kika sunkuya sau uku a gaban tabarmin, kika juya kika gode wa matan da wahalar da suka sha. Sannan kika zagaya bayan zauren, cikin ayaba, kika yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba. Fiye da rabin abin da kika tara a shekara bakwai ya bi ruwa a yini ɗaya, kuma da ƙauna aka zubar da shi, babu wanda za ki kama da laifi.

Sauran akwatunan, waɗanda ke ɗauke da manyan gutsattsarin, suna can sama a kan azara, domin ke kika sa a ɗora su saboda ambaliya. Matan ba su kai gare su ba, an aika a kawo tsani. Kika share fuska kika dawo kika zauna kusa da Gwaggo Mui a bakin tabarma.

"Gwaggo, idan kin ajiye wa Baba abinci a teburin kakanni, yaushe kike ɗauke kwanon?"

"Sai turare ya cinye mana. Wa zai janye wa mamaci kwano yana cikin ci?"

"To nasu turaren bai cinye ba. Baƙin abin nan da ke jikin tukwanen, abincinsu ne. Shi kaɗai ya rage musu a duniya."

Tsohuwar ta ci gaba da taunar ganyen da ke bakinta. Can ta tofar ta ce, "Shekara dubu shida suna kan ci? Lallai akwai haɗama." Amma da ɗanta ya iso da tsani, ita ta ce ya mayar inda ya ɗauko. Daga ranar har muka kwashe akwatunan zuwa birni, Gwaggo Mui ce mai gadinsu, kuma ko shugaban ƙauye bai isa ya leƙa ba. Ita ma ta rasu da daɗewa. Kin je jana'izarta kin ɗaura farin ƙyalle a goshi kamar 'yar cikinta.

Na'urar da kika ce za a yi, an yi ta. Shekara biyu da suka wuce wata jami'a a ƙasar waje ta yarda ta duba mana. Sai dai aikin yana da tsada irin wadda ba ta kuɗi ba: dole a kankare ƙanzon, a narkar da shi, abin da aka gwada ya tafi ke nan har abada. Kika zo ɗakin ajiya da sandarki, kika yini kina zaɓe, kika fitar da 'yan kaɗan daga cikin masu ƙaramin ƙanzo, kika ce a fara da su. Muka jira watanni. Da sakamakon ya zo, yawancinsu babu abin da aka iya karantawa, zafi da danshin ƙasarmu sun cinye maiƙon tuntuni. Biyu ko uku sun nuna alamar abin ruwa da alamar tsiro, amma wane kifi, wane tsiro, an dafa su tare ko dabam, kunu ne ko romo, na'urar ta kasa faɗa. Masu binciken sun ce idan aka aiko musu da masu kaurin, wataƙila a samu ƙari. Wataƙila suka ce, ba su yi alkawari ba.

A lokacin ciwon ya riga ya kama ki, kuma likita ya gaya wa Nhuan gaskiya. Na zo gidanki da la'asar na same ki kwance a kujerar gora kina kallon kogi. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na faɗa.

"Malama, a tura manyan. Ki ji amsar da kunnenki."

"In an tura za su dawo?"

"Tsingaron zai dawo. Ƙanzon dai sai an narkar."

"To ka gani. Na'urar nan yarinya ce, Khiem. Ci da yawa, magana kaɗan. Bari ta girma."

"Kafin ta girma fa?"

"Kafin ta girma na mutu. Sai me? Kai ma da furfurarkan nan ba na jin za ka kai. Ka ɗauka don kaina na ajiye su?"

Na ce ba adalci ba ne mutum ya yi gadin abu shekara kusan arba'in ya tafi bai ga cikinsa ba. Kika ce adalci ba ya cikin maganar. Kika ce idan muka ƙone ƙanzon yau saboda wata tsohuwa tana sauri, to ba mu da bambanci da masu buroshi, su ma ai da kyakkyawar niyya suka yi. Sannan kika rufe ido kika ce kina son sani, kina so ƙwarai, har mafarkinsa kike yi, don haka kada in ƙara tambayar ki, domin idan na sake ba ki da tabbacin za ki iya cewa a'a. Ban sake ba. Na fito na tsaya a bakin ƙofa na yi kukana, Malam Vien ya zo ya dafa kafaɗata.

Haka kika tafi, ba ki san ko zatonki gaskiya ba ne.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na zaɓi in rubuta wannan a inda kowa zai karanta, maimakon in bar shi a gaban teburin turarenki. Gidan tarihinmu zai buɗe sabon zauren nuni kafin ƙarshen shekara. Shugabanmu, Toai, ɗalibinki ne shi ma, ƙanena a karatu. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarki, kuma hawayen da ya zubar na gaskiya ne, ba zan ci amanarsa ba. Bayan an binne ki da 'yan kwanaki ya shigo ɗakin ajiya ya rufe ƙofa.

"Yaya Khiem, ba na son in tayar da maganar tana raye. Amma an gwada, ba a samu komai ba. Manyan gutsattsarin nan su ne mafi kyawun abin da lardin nan ya mallaka, da bakinsu da zanensu, kuma babu ɗan makarantar da ya taɓa ganin su. Har yaushe za mu yi ta gadin datti a cikin duhu?"

"Ga waɗanda aka wanke a Lang Vem, sun isa su cika zaure biyu."

"Ƙanana ne, Yaya, ka fi ni sani. Wa zai hau mota ya zo kallon ɓarɓashi? To a raba, a wanke rabi a bar rabi."

"An riga an wanke rabi tun kana aji uku. Rabin rabi kake nufi. Wanda zai gaje ka ya zo ya sake rabawa."

"Kai dai halinta ka kwaso, har da taurin kan."

"Da na samu rabinsa da na gode."

Ya yi murmushi, amma bai janye ba. Ya tuna min, cikin ladabi, cewa baɗi zan yi ritaya, kuma mabuɗin ɗakin na gidan tarihi ne, ba na gidanmu ba. Gaskiya ya faɗa. Kuma yana da hujja da ya ce jama'a na da haƙƙin ganin kayan kakanninsu. Na ce masa a gani mana, a sa su a bayan gilashi yadda suke, baƙi ƙirin, a gaya wa yara cewa ga abincin da aka dafa tun kafin a san shinkafa, kuma har yau ba mu san ko mene ne ba. Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti a wata mai zuwa, a can za a yanke.

Malama, zan je zaman nan. Ni ba mai iya magana ba ne, kin sha gaya min cewa fushina yana riga hujjata fita, amma zan je. Nhuan ta ce za ta zo. Mutanen Lang Vem, 'ya'ya da jikokin matan da suka yi wankin nan, sun aiko cewa za su cika mota. Idan kwamiti ya ƙi, zan kai gaba. Idan can ma aka ƙi, zan sake dawowa, kafin ritaya da bayanta, har su gaji da ganin fuskata a bakin ƙofa. Ba na ƙin Toai, ba na ƙin zaurensa. Amma muddin ina numfashi, ruwa ba zai taɓa abin da ke cikin akwatunan nan ba, kuma ba zan bari a ƙone shi a na'urar da ba ta isa ba don a samu abin faɗa a ranar buɗe zaure. Na daina sa ran zan ji amsar. Na yi wa kaina wannan lissafin a kan hanyar dawowa daga maƙabarta, ya yi min ɗaci, amma na haɗiye. Aikina yanzu shi ne in miƙa su ga na bayana yadda kika miƙa min.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Vien, wanda ya ci girkin da babu gishiri shekara da shekaru bai taɓa ƙin zama a tabarma ba. Ina miƙa ta ga Nhuan da mijinta da 'ya'yansu, ga dangin Tong baki ɗaya, ga mutanen Lang Vem, da ɗalibanta a duk inda aiki ya kai su, har da Toai, domin shi ma ya yi rashin uwa. Mai Sama ya ba ku haƙuri da juriya, ya sa gidan da ta bari ya zauna lafiya.

Ke kuma Malama, Mai Sama ya yi miki rahama, ya yafe miki kurakuranki, ya sauƙaƙa miki hanya zuwa wurin iyaye da kakanni. Ƙasa ta yi miki sauƙi. Ya saka miki da alherin duk cikin da kika ciyar a lokacin yunwa. Mu da kika bari, ya ba mu ƙarfin tsayawa a inda kika tsaya, ya kuma raya wanda zai ji amsar, ko da ba a haife shi ba tukuna, ya sa ranar da zai buɗe akwatunan ya tarar da abin da zai karanta.